Keken dogon zango: abin da zan saya da kuɗina a nan Legas

Duk keke yana da daɗin hawa a rabin awar farko. Sai an yi awa huɗu ko biyar a kan sirdi, rana ta take, tafin hannu ya mutu, ƙugu ya riƙe, wuya ya sage, sannan mutum yake sanin abin da ya sayo. Shi ya sa duk wanda ya tare ni da tambayar wane keken hawan dutse ne ya fi gudu, nakan ce masa: gudun awa nawa? Wanda jikinsa ya yi tsami tun a tsakiyar hanya ba zai iya taka feda da ƙarfi ba, komai tsadar abin da ke ƙarƙashinsa. Zai yi ta miƙewa yana gyara zama, yana yarfe hannu don jini ya sauko, yana kama birki inda bai kamata ba. A dogon zango, daɗin zaman shi ne gudun.

Irin tseren da nake nufi shi ne wanda hukumar keke ta duniya, UCI, ta yanka wa tsawon kilomita 60 zuwa 160 a yini guda, ta cikin daji da burji da duwatsu, kuma tun 2003 ake fitar da zakaran duniya a cikinsa. Akwai waɗanda suka fi shi wuya. Cape Epic na Afirka ta Kudu, da aka fara a 2004, kwana takwas ake yi ana fafatawa, mutum biyu-biyu, kuma an hana abokan tafiya su ba juna ratar da ta wuce minti 2. Na Leadville a Amurka mil 100 ne, garin da ake tashi daga cikinsa ma ya haura mita 3,000 a saman teku. Gama-garin mutane fafutukarsu su ƙare kafin awa 12, amma Keegan Swenson ya gama shi cikin awa 5 da minti 43 a 2023. A Namibiya kuma akwai Desert Dash, daga Windhoek zuwa Swakopmund a bakin teku, sama da kilomita 350, an ba ka awa 24, har da tafiyar dare.

Mu kuwa a Legas ko tudun kirki ba mu da shi. Mafi tsayin abin da muke hawa gada ce. Abin da Allah ya hore mana shi ne yashi, da jan burjin bayan Ikorodu da Epe da ƙauyukan jihar Ogun, da ramuka, da taɓo daga Afrilu zuwa Yuli, da zafi mai gumi, da iskar teku mai gishiri wadda ke sa ƙarfe tsatsa ko yana cikin ɗaki. Mai son dutse sai ya ɗora kekensa a mota ya nufi Abeokuta ko Idanre, ko ya yi Arewa, Abuja ko Jos, inda duwatsun Shere suka haura mita 1,800. Ni a Agege nake, sana'ata waya a Ikeja, kuma tun da aka hana acaɓa a can a Yunin 2022 akwai masu ganina a kan keke su yi mini jaje, a zatonsu babur aka ƙwace mini. Na daina yi musu bayani, amin kawai nake cewa.

Babbar gardamar ta shokazoba ce: mai guda ɗaya a gaba, bayansa a sandare, ko mai biyu, gaba da baya? In manyan 'yan tsere za a bi, an riga an yanke hukunci. Nino Schurter na Suwizalan, wanda ya zama zakaran duniya na gajeren tseren keken dutse har sau goma, a kan Scott Spark mai shokazoba biyu ya ci zinaren Olamfik a Rio a 2016, a kansa kuma ya ci Cape Epic a 2017 da 2019. A da, lotsawar shokazobar keken tsere milimita 100 ce. Yanzu Spark da Orbea Oiz da Cannondale Scalpel da Specialized Epic 8 na 2024 duk sun koma 120. Trek ne ya tsaya a tsakiya da Supercaliber, mai milimita 80 a baya. Dalilin a fili yake. In hanya ta yi gargada, mai sandararren baya dole ya tashi daga sirdi ya bar ƙafafunsa su sha girgizar, shi kuwa mai shokazobar baya yana zaune yana taka fedarsa, tayar baya na manne da ƙasa. Tara wannan na tsawon awa shida, ka ga inda bambancin yake fitowa.

Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai Schurter yana da makaniken da ke kwance masa keke a wanke a ɗaure duk yamma. Kai wa kake da shi?

Kamfanin RockShox da kansa ya ce a buɗe ƙafafun shokazobarsa a wanke a sake mai duk bayan awa 50 na hawa, a yi babban gyara a awa 200. Fox ya ce awa 125 ko shekara guda. Mai atisayen awa takwas a mako, cikin mako shida da 'yan kwanaki ya cinye awa 50 ɗin nan, kuma wannan lissafin ba da yashin Lekki aka yi shi ba. Mai shokazoba biyu aikinsa ninki biyu ne, ga kuma ƙananan boris da ke gaɓoɓin bayan keken, waɗanda ruwan damina da gishiri ke shiga su ci. Robobin da ake canzawa a ciki ba za ka same su a wurin mai gyaran keken unguwa ba, sai an yi oda, da dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, har dala ta wuce naira 1,500 a 2024, kowace 'yar roba ta zama abin zama a yi shawara. Manyan kekunan nan da na lissafa, na ƙolinsu sun haura dala 10,000, wato sama da naira miliyan 15 a canjin 2024, tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Sayen irinsu a nan ba tare da mai kula da su ba, kamar sayen dokin sukuwa ne ba ka da barga ba ka da mai yankan ciyawa.

Yawancinmu dai na hannu muke saya, tokunbo, kuma a nan ne ake yin kuka. Kwanakin baya ƙanin maiɗakina ya nuno mini wani a waya, kabon (wani abu mara nauyi da ake ƙera jikin keke da shi maimakon ƙarfe), shokazoba biyu, babban suna, kuɗin kuma ya yi daɗi fiye da kima. Har ya so ya tura kafin alƙalami. Na ce ba a cinikin biri a sama, mu je mu gani. Muka same shi a wani sito a hanyar Badagry, inda ake sauke kayan kwantena, an wanke shi an shafe shi da mai yana ta ƙyalli. Na ɗora yatsa a kan gaɓar da ke bayan feda, na ɗaga sirdin a hankali da ɗaya hannun. Ƙwas. Na sauke, ƙwas. Boris sun tafi. Na goge sandunan shokazobar gaba da hankici, sai ga wani dogon farin zane inda rufin ya cinye, alamar ta daɗe tana aiki a bushe, kuma irin wannan ba ya gyaruwa sai dai canji. Na kunna fitilar waya na bi ƙasan firam ɗin, na tarar da wata sabuwar sitika a wurin da babu dalilin sitika. Na ƙwanƙwasa gefenta da makulli, ƙara mai kaifi. Na ƙwanƙwasa kanta, sai wani bib-bib.

"Yaya, amma fa kabon ne," in ji yaron, murya ƙasa-ƙasa.

"Kabon ne, ƙanena. Ka ɗaga sitikar nan in mai kaya zai yarda."

Mai kaya bai yarda ba. Ya ce oga, ai haka ya zo daga Turai. Ban yi masa gardama ba, mai yiwuwa ma gaskiyarsa ce. Alminiyam in ya bugu yakan loɓa ka gani da idonka. Kabon yakan tsage ta ciki, waje lafiya lau, sai ranar da kake gangarowa da gudu. Tayoyin keken ma inci 26 ne, wanda ya nuna ya kwana biyu, don kekunan tsere sun daɗe da komawa 29.

A lungun siton, bayan tarin kekunan yara, akwai wani na alminiyam, shokazoba ɗaya, taya 29, fentinsa duk ya kokkoɗe. Shi muka ɗauka. Kuma shi ne shawarata ga kusan duk wanda ke zaune a garin nan yana son shiga dogon tsere: alminiyam, taya 29, shokazobar gaba mai iska ta milimita 100 zuwa 120, birkin faifai mai aiki da mai. Specialized Chisel, Trek X-Caliber, Giant XTC, Scott Scale na alminiyam, duk gida ɗaya ne. Babbar taya tana haye rami da saiwa maimakon ta faɗa ciki, tana kuma riƙe gudu a kan burji. Batun iska kuwa, ka kwance murfin da ke saman ƙafar hagu ta shokazoba. In ka ga bawul, mai iska ce, za ka iya daidaita ta da nauyinka: in ka hau ka zauna, ta lotsa kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na tsawonta. In babu bawul, sifirin ne a ciki, mai nauyi, wanda aka yi wa wani mutum da ba kai ba. Sannan a yi hattara da kekunan nan masu ƙaton sifirin a tsakiya da sunan babban kamfani a manne, masu kilo 17 ko 18. Na zagaya unguwa ne.

Duk wannan bayan an sami daidai jiki ne. Na sha ganin mutum ya sayi keken da ya fi ƙarfinsa don kawai shi ne a kasuwa, ko don an yi masa ragi, yana cewa zai saba. Ba a sabawa. Firam in ya yi maka tsawo za ka yi ta miƙa hannu, nauyinka ya koma kan tafin hannu da wuya, yatsu biyun ƙarshe su mutu. In ya yi gajere, bayanka ya lanƙwashe, gwiwa ta yi ta ƙorafi. Kowane kamfani yana da jadawalin tsayin mutum da girman firam a shafinsa, kuma M na wannan ba lallai ya zama M na wancan ba, don haka ka auna tsayinka da tef, ka duba, sannan ka hau ka zagaya. Tsayin sirdi kuma ga gwaji mai sauƙi: ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da gaban ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, daidai ke nan.

Sirdi shi ne inda aka fi yaudarar sabon shiga. Zai ga siririn sirdi ya tsorata, ya je ya sayo mai faɗi mai laushi, ko ya naɗa masa soso. Na awa ɗaya yana da daɗi. Bayan nan ƙasusuwan zama sun nutse, soson ya taso yana danne inda bai kamata a danne ba, gefen sirdin kuma yana goge cinya har ta saɓule. Abin da ake nema shi ne sirdi mai ɗan tauri wanda faɗinsa ya dace da ƙasusuwanka. Sami kwalin indomi, ka shimfiɗa a kan matakala ko benci, ka zauna ka ɗan sunkuya gaba, ka tashi. Za ka ga loɓawa biyu. Auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, ka ƙara kamar milimita 20 zuwa 30, ka nemi sirdi mai wannan faɗin. Da yawa ana yin su a 143 da 155. Sai wandon keke mai soso a ciki, wanda ba a sa komai a ƙarƙashinsa. Na san abin da ke hana mutanenmu sa shi, ni ma ba zan ratsa Agege da ɗamammen wando ba. Ka sa shi daga ciki, ka ɗora sakakken wando mai rufe gwiwa a kai. Masu keken daji a ko'ina haka da yawansu suke yi, kuma in lokacin salla ya same ka a hanya ba ka da matsala.

Yanzu ga inda ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki, wato taya. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan canza a kowane keke, ita ce. Mai faɗin inci 2.25 zuwa 2.4, mai ƙananan haƙora a tsakiya, irin su Maxxis Rekon Race ko Ikon, Vittoria Mezcal, ko Continental Race King. Masu manyan haƙora na gangaren dutse ne, a burjinmu ƙarfinka kawai za su sha. Sannan a mayar da ita tubles, a cire tib a zuba ruwan liƙi a ciki, wanda in ƙaya ko ƙusa ta huda zai toshe kana cikin tafiya. Amfaninsa na biyu ya ma fi: za ka iya rage iska ba tare da bakin wili ya tsinke tib ba. Mutum mai kilo 70 zuwa 80, geji 20 zuwa 25 ya ishe shi, gaba ta ɗan fi baya laushi. Taya mai laushi tana lanƙwasawa ta haɗiye tsakuwa ta wuce, tana shimfiɗuwa a kan yashi maimakon ta nutse. Mai tauri tsalle take yi a kan kowane ɗan dutse, kai kana jin kamar gudu kake, alhali ƙarfinka sama yake tafiya ba gaba ba. Rabin daɗin da ake nema a shokazobar baya yana cikin tayar nan.

Masu facin bakin titi ba su yarda da wannan ba sam. Wanda ke kusa da gidanmu, dattijo ne mutumin kirki, duk ranar da na tsaya sai ya matsa tayar da babban yatsa ya girgiza kai.

"Malam, ai babu iska a nan. Kawo in cika maka."

"A'a Baba, haka nake son ta."

In ka sake ka miƙa masa, geji 50 zai ɗura, har tubles ɗin ta iya fita daga wili. Ka sayi famfonka mai agogo. Ka kuma sani bawul ɗin kekunan nan siriri ne, bakin injin mai faci ba ya kama shi sai da wani ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla, ka ajiye ɗaya a jakar sirdi. Tib mai lamba 29 ma ka tafi da naka ko da kana tubles, don abin da za ka samu a ƙauye 26 ne. Ruwan liƙin kuma a zafinmu ba ya daɗewa, duk wata biyu ka girgiza tayar kusa da kunne, in ba ka ji motsin ruwa ba ya bushe.

Giya ba sai an tsawaita ba. Faifai ɗaya a gaba, 11 ko 12 a baya. Kamfanin SRAM ya fito da mai 12 a 2016, kamfanin Shimano ya biyo a 2018, a 2020 kuma ya sauko da ita kan Deore, wadda ita ce ta talaka. Deore tana shiga giya lafiya lau, abin da yayyenta masu tsada, XT da XTR, suka fi ta mafi yawa rashin nauyi ne, yashi kuma ba ya tambayar kuɗin sarƙa kafin ya ci ta. Faifan gaba mai haƙora 34 ya yi wa Legas, in za ka Jos ka sa 32 ko 30. Kada a zuba wa sarƙa baƙin mai, yashi yake kamawa. Kada a kai keke wurin wankin mota a feshe shi da injin, ruwan boris yake shiga. Kuma don Allah kada wani ya zuba maka man birkin mota a birkin Shimano. Nasa man daban ne, na mota kumbura robobin ciki yake yi, birkin ya lalace gaba ɗaya. Da yawan birkunan SRAM, musamman na da, su ne ke shan irin na mota, abin da ake so a zuba kuma a rubuce yake a jikin marikin.

Akwai abin da masu nazarin keke a ƙasashen sanyi ke ambata a gurguje, mu kuwa a wurinmu babba ne: gora nawa firam ɗin ke ɗauka? A zafin Epe mutum yana shanye gora guda a awa, wani lokacin fiye. Sandararren keke kusan kullum yana da wurin gora biyu. Masu shokazobar baya, musamman ƙananan firam, wasu ɗaya kawai suke ɗauka, sai ka goya jakar ruwa a baya, ta hana gumi bushewa ta kuma ƙara wa ƙugu kaya. Abinci kuwa, ana ba 'yan dogon tsere shawarar giram 60 zuwa 90 na sitaci ko sukari a kowace awa. Ni dabino da ayaba nake cusawa a aljihu, da ɗan gishiri a gora ɗaya.

Nauyin keke shi ne abin da aka fi yi wa ɓarnar kuɗi. Mutum mai kilo 80, kekensa 12, ruwa da kayan gyara 2, jimla 94. Ya kashe miliyoyi ya rage kilo ɗaya, ya rage kusan kashi ɗaya cikin 100 ke nan, wanda sai a hawan tudu ake jinsa, mu kuma mun ce ba mu da tudu. Da wannan kuɗin gara a ware wa taya biyu masu kyau, sirdi, wando, hular kwano ta gaske, safar hannu, da famfon shokazoba, a kuma bar wani abu a gefe na gyara.

Akwai dai waɗanda zan ce musu su sayi mai shokazoba biyu ba tare da na yi jim ba. Mai ciwon baya, wanda shekaru suka fara ja, da wanda ya ƙudurta zuwa tseren kwana da kwanaki a kan duwatsu irin na Afirka ta Kudu, inda gajiyar jiya ke kwana ta tashi da kai. Shi ma ba sai kabon ba, tun da a 2024 Specialized ya fito da Chisel na alminiyam mai shokazoba biyu, 120 a gaba, 110 a baya. Sharaɗina kawai shi ne ya fara nemo makaniken da ya taɓa buɗe shokazoba mai iska, ya gan shi yana yi da idonsa, ko ya zauna ya koya da kansa. Kuma ranar da zai yi odar keken, ya sa a haɗo masa a kwali ɗaya da robobin shokazoba na gyara biyu, saitin boris na baya, fatun birki, sarƙa, da ɗan ƙarfen nan da ke riƙe da macanjin giya a baya, guda biyu, don shi ne ke fara lanƙwashewa in an faɗi, kuma in ba irin na bai-ɗaya da SRAM ya fito da shi a 2019 ba ne, kowane keke da kalar nasa.